Deksa a Cikin Kunun Kaka

Wara, Ngaski
Farkon watan Yuli

Zuwa ga Yaya Zuliha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggo da duk mutanen gidanku na Kano. Mu ma nan kowa lafiya, sai ruwan sama da ba ya barin shanya ta bushe.

Mun iso lafiya. Daga Kontagora zuwa gida duk ramin da mota ta faɗa sai na ji shi a ƙarafan da ke bayana, amma matasan kan da kika tokare ni da su sun taimaka. Allah ya saka miki da alheri kan jinyar da kika yi mini. Na san kin rasa darussa da yawa a kwaleji saboda ni, kuma ranar da za mu rabu na kasa yi miki godiya da baki. A takarda na fi iya magana.

Akwai kuma matsalar waya. Ta Baba tana hannunsa can tungar da suke kamun kifi, sai ƙarshen damina za su dawo. Ta Kaka Kande kuwa tana ɗaure a bakin zanenta, kuma kin san ba ta amsa kira sai ta saki murya duk tsakar gida an ji. Ɗanbaba, direban da ke kai bandar kifi Kano, ya ce zai riƙa kai miki wasiƙa ya karɓo amsa. In takardar ta yi ƙaurin banda ki yi haƙuri.

Jiki da sauƙi. Ina tafiya daga ɗaki zuwa zaure in dawo ba mai riƙe ni. Kafaɗuna sun daidaita, har na fi Inna tsawo yanzu. Ina kiyaye abin da likita ya ce: ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba shiga kwalekwale, ba wani magani sai wanda ya rubuta. Ban manta bayaninsa ba, cewa ƙarfen riƙo kawai yake yi, aikin gaske shi ne ƙasusuwan bayan da ya miƙar su haɗe da juna, in kuwa ba su haɗe ba sai an sake buɗewa. Yaya, ba na son a sake buɗe ni. So nake in an koma makaranta a watan Satumba in shiga aji shida tare da 'yan ajinmu.

Damuwata ɗaya ce, Kaka. Tun da ta gan ni ta kama haɓa. Ta ce, "Wanga shi ne gyaran? Sun miƙe ki kamar gorar tuƙi, sun tsotse naman." Na ce likita ya ce ramar za ta tafi da kanta. Ta ce, "Likita ba shi ka zama da 'yan sannu ba. Gidan masunta guda, a ga jikata haka, mi za a ce da ni cikin Wara? A ce saida kifin muke, ba mu ci?" Yanzu in mata sun zo duba ni sai ta ce barci nake, ta sa in lulluɓa da zane. Inna ba ta cewa komai. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta sa baki a abin da uwar mijinta ta yanke.

Ki gaishe mini da Gwaggo.

Taki,
Zahra'u Tanko

*

Kano
Tsakiyar Yuli

Zahra'u gorar tuƙi,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, kyanwar gidanmu ma ta riga ni sani. Kowa lafiya. Gwaggonki ta amsa gaisuwa, ta ce ki riƙa kwanciya yadda aka koya miki.

Wato sai da kika yi nisan wuni guda a mota sannan bakinki ya buɗe? Ina kwance a kan tabarma gefen gadonki, in na ce ya jiki ki ce da sauƙi, har ranar da kike cije leɓe hawaye na shiga kunnenki. Allah ya haɗa ni da taubashiya kurma.

Batun Kaka, rabu da ita. Ni ma duk zuwan da zan yi Wara sai ta ce boko ya tsotse ni. Ki ce mata ta gode wa Allah, ki kuma ba ta labarin yadda kika tashi. Kin tuna bayan an fito da ke daga tiyata likita ya sa aka yi miki wata allura sau uku, ta sitiroyid, wadda nas ta ce sunanta deksa? Ni dai na ga aikinta da idona. Amai ya tsaya, zogi ya ragu har aka rage miki wancan maganin mai sa ki maye da kika tsana, washegari kika miƙe kika taka, kika cinye mini shinkafata ban ce miki bismilla ba. Likita ya ce tana cikin abin da ya sa aka sallame ki da wuri. Wanda ya ga wannan ba zai tsaya auna nama ba.

Ke kuma na san halinki da ƙin ƙwaya. Kada ki yi wasa da magani. Duk abin da aka ba ki ki sha ba gardama, in ba haka ba in zo Wara in toshe miki hanci in ɗura miki.

Ki gaishe da Inna, ki ce da tsohuwar nan ina nan tafe da ramata.

Yayarki,
Zuliha

*

Wara
Ƙarshen Yuli

Zuwa ga Yaya Zuliha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, alhamdu lillahi. Ina roƙon ki karanta wannan da natsuwa ki ba Ɗanbaba amsa kafin ya juyo.

Da ya kawo wasiƙarki Kaka ce ta karɓa. Ta ce a gidan nan ba a karanta takarda a ɓoye, don haka na karanta a tsakar gida, ita da Inna suna ji. Ta yi dariya a wurin ramarki. Da na zo kan sunan allurar sai ta ce in maimaita. Na maimaita.

Ta ce, "Ashe deksa ce? Wadda mata ka sha su yi jiki? Ga ta nan jibge cikin kasuwa, sai an tahi Kano?"

Ranar kasuwa ta tafi da kanta wurin mai tallar magani, ta dawo da ƙananan ƙwayoyi farare ƙulle a leda. Ba kwali, ba rubutu. Mata a nan suna ce musu sha ka fashe. Tana murƙushe su da bayan cokali ta zuba a kunun gyaɗa, safe da yamma. Ba a ɓoye take yi ba, a gabana take yi, tana murna.

Na yi ƙoƙari, Yaya. Na ce, "Kaka, likita ya ce kada in sha wani magani."

Ta ce, "Ba ita ya ba ki ba?"

Na ce, "Ita ce, amma allura uku kawai."

Ta ce, "To shi ya ba ki uku kika tashi. Ni in ba ki da dama ki yi gudu. Kuma mi 'yar'uwarki ta rubuta? Duk abin da anka ba ki ki sha. Ita da ta kwana gaban likitan ba ta hi ki sani ba?"

Gaskiya haka kika rubuta, da bakina kuma na karanta. Tana tsaye a kaina har sai ta ga gindin kofi. Kaka ce ta yaye ni, a bayanta na girma, ban taɓa mayar mata da abin da ta miƙo mini ba. Na dubi Inna, Inna ta dubi tukunya.

Ba zan ɓoye ba, ciwon ya ƙara raguwa, kuma ina cin abinci kamar mai noma. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. In da shan ta kullum alheri ne, me ya sa likita ya tsaya a uku? Don Allah ki je asibitin ki tambaye shi. In ya ce in sha zan sha. In ya ce a'a, ki rubuta da manyan baƙaƙe yadda zan karanta wa Kaka, tunda maganarki take ji ba tawa ba.

Ina jira.

Taki,
Zahra'u

*

Wara
Ƙarshen Agusta

Yaya Zuliha,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. In kin tambayi lafiyata, ba ni da ita.

Wata guda ke nan. Tambaya ɗaya na yi miki. Kin iya cika takarda da tsokana, amma da na nemi layi guda wanda bayana ya rataya a kansa sai kika ɗauke hannu. Ban taɓa yi miki magana haka ba, amma raina ya ɓaci.

Bari in gaya miki abin da layinki na "duk abin da aka ba ki ki sha" ya yi. Fuskata ta zama kamar faifai. Kumatuna sun cika har idanuna sun shige, ƙuraje sun feso mini a goshi, cikina ya yi gaba, ƙafafuna kuwa suna nan siraransu. Ƙishirwa ba ta sakina. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗinkin. Daga sama ya bushe, amma ƙasa wurin ƙugu ya yi ja, yana fitar da ruwa mai wari. Na gaya wa Kaka, ta ce dattin ciki ne ke fita, ta shafa zuma. Inna takan ɗauke zanen shimfiɗata ta wanke kafin kowa ya gani, ta shanya a bayan ɗaki. Ta gani, ta sani, ba ta ce uffan ba.

Kaka kuwa yanzu ƙofa a buɗe take. Ta kan shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ta sa mini ɗankwali mai kyau, mata su yi ta shigowa. "Tubarkalla, Kande, kin iya jinya." "Kai, yarinya ta murmure." Wata har ta ja kumatuna. Ina zaune ina jin ruwa yana bin bayana a ƙarƙashin riga, ina cewa na gode. Shekara huɗu ana kallona saboda doro, yanzu ana kallona saboda kumatu, kuma wannan karon yabo ake yi. Babu wadda ta tambaya ko ƙashin yana haɗewa. Su nama suka zo gani.

An kusa komawa makaranta, kayan makarantata ba sa shiga ta.

Tunda babu mai tsaya mini, na tsaya wa kaina. Kaka ta daina gadina don tana ganin na saba. Tun shekaranjiya nake juye kunun a magudana. Na daina gaba ɗaya, ko ɗigo ba zan ƙara sha ba. Ba izini nake nema ba, sanar da ke nake yi.

Zahra'u

*

Kano
Farkon Satumba

Zahra'u,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah wannan ta same ki idonki biyu. Na ba wani direban Yawuri ya kai miki asibiti hannu da hannu.

Ban yi shiru ba. Motar Ɗanbaba ta lalace a hanya da wasiƙarki ta Yuli a cikinta, ya bar ta wurin bakanike ya ci gaba da aiki da motar wani. Sai jiya ya kawo mini biyun tare, yana ba ni haƙuri yana dariya. Ban san abin da na ce masa ba.

Da na karanta ƙarshen ta biyu ko mayafin kirki ban ɗauka ba na tafi asibiti. Likita ya fito daga ganin marasa lafiya na miƙa masa ya karanta a tsaye. Fuskar ba ta dame shi ba kamar layin da kika ce kin daina gaba ɗaya. Ga abin da ya ce, yadda na fahimta. Allura uku bayan tiyata, a gaban likita, tana kwantar da kumburi da amai ta fita daga jiki. Shan ta makonni wani abu ne daban: tana hana miki warkewa, tana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, tana raunana ƙashi, ƙashin da muke jira ya haɗe. Sannan jikin mutum da kansa yana yin irin wannan sinadarin, in aka daɗe ana ba shi daga waje sai ya daina yin nasa. Wanda ya yanke rana ɗaya sai ya zama ba na waje ba na ciki. Ya ce hakan yana kisa.

Nan take na kira wayar Kaka. Ta ce kina kwance kina ta amai, ko zama ba kya iyawa, wai zazzaɓin damina ne, ta jiƙa miki sassaƙe. Na ce mata, "Kaka, in ba a kai ta asibiti yanzu ba ke kika kashe ta." Na faɗa, kuma da ƙarfi na faɗa, na san duk tsakar gida sun ji. Sai na ji muryar Inna tana cewa a nemo mota. Likitanmu ya yi magana da na Yawuri. Za su sake ba ki maganin su riƙa ragewa a hankali. Kada ki ƙi.

Yanzu ni da ke. Kin san sarai da na ce duk abin da aka ba ki ki sha, na asibiti nake nufi. Yarinya mai zuwa ta ɗaya a aji, ki zauna wata guda kina shan ƙwayar leda? Waya tana ƙugun Kaka, taku nawa ne tsakaninku? Me ya hana ki ce a kira ni, ki faɗa kowa ya ji? Kin zaɓi kunya a kan bayanki. Sannan da kika tashi yin ƙarfin hali kika yi shi a ɓoye, a magudana, har ya kusa tafiya da ke. Raina ya ɓaci da Kaka, ya ɓaci da Ɗanbaba, amma ke kin fi ba ni haushi, don ke kika ji bayanin likita da kunnenki.

Kaka ta daina ɗaukar wayata.

Zuliha

*

Asibiti, Yawuri
Tsakiyar Satumba

Yaya Zuliha,

Wa alaikumus salam. Ina raye, alhamdu lillahi. An cire mini ƙarin ruwa, ina zama, ina ɗan takawa. Sun buɗe ƙasan ɗinkin sun wanke, kullum ana sake auduga. Likitan nan ya ce yana fatan cutar ba ta kai ga ƙarfe ba, amma bai ce ya tabbata ba. Sugana ya hau, yana sauka. Kowace safiya nas takan kawo mini ƙaramar farar ƙwayar nan a murfin kwalba. Ranar farko na yi kuka kafin na haɗiye.

Na gode da kika je wurin likita. Na janye abin da na ce kan shirunki. Amma faɗan da kika yi mini ban karɓa ba.

Kin ce me ya hana in faɗa kowa ya ji. Yaya, wa ya koya mini? Tun ina ƙarama in na ɗaga murya a ce ba tarbiyya. Da bayana ya fara karkacewa na ce yana ciwo, aka ce ɗaukar tulu ne, in yi haƙuri, na yi shiru shekara biyu, kowa yana cewa Zahra'u akwai haƙuri. A asibiti da nake cije leɓe ke da kanki kika ce wa nas ba ki taɓa ganin jaruma irina ba. Duk kun yaba shirun nan lokacin da yake muku daɗi. Yau ya zama laifina.

Kuma na faɗa. Na ce wa Kaka likita ya hana, aka rufe mini baki da takardarki. Ke kin san abin da kike nufi, amma kin san gidan da kike aikawa, kin san Kaka, kin san abin da matan Wara ke yi da deksa. Ni kuma wa ya gaya mini ba a yanke ta rana ɗaya? An ce mini kada in sha. Ba wanda ya ce in an tilasta mini ga yadda zan daina.

Baba ya baro tunga ya zo. Ya tsaya a bakin gado ya ce ƙaddara ce, ya ce in Kaka ta shigo in ce mata ba komai, don ta daina cin abinci. Ni da aka buɗe wa baya ni zan lallashi mutane.

Kaka ba ta shigo ba. Tana zaune a barandar ɗakin tun ranar da aka kawo ni, ta ƙi shiga ta ƙi komawa Wara. Ta aiko Inna da saƙo in rubuta miki, ga shi yadda ta faɗa: "A ce da Zuliha ni na goyi uwarta, ban kashe ta ba. Abin da kowa ka ba nashi na ba tawa."

Abu ɗaya kuma. A cikin mota, kaina yana kan cinyar Inna, ina jin komai nesa nesa, sai na ji tana cewa, "Zahra'u, Zahra'u, buɗe ido." Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na ji daɗi, kuma na ji haushi, don sai da na kusa mutuwa.

An koma makaranta ranar Litinin.

Zahra'u

*

Kano
Farkon Oktoba

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na ji an sallame ku, Allah ya ƙara sauƙi. Gwaggo tana gaishe ki.

Na karanta wasiƙarki sau da yawa. Na fara rubuta amsa mai zafi na yaga. Gaskiyarki, na san gidan da nake aikawa, kuma na rubuta kamar ke kaɗai za ki ji. Ki yafe mini wannan. Maganar magudana dai har yanzu ban huce ba.

Likita ya ce a watan Nuwamba a yi miki hoton ƙashi a turo masa ta waya, da shi zai san ko za a sake aiki. Ya ce kafin nan ko ƙwayar ciwon kai ce a tambaye shi. Ki karanta wannan layin a tsakar gida da ƙarfi, don su na rubuta shi.

Kaka har yanzu ba ta ɗaukar wayata. Ba zan janye abin da na faɗa ba, amma ki ce ina gaishe ta.

Yayarki,
Zuliha

*

Wara
Ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Yaya Zuliha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kun gama jarrabawa lafiya. Mu nan lafiya. Baba ya dawo gida, ruwa ya fara ja baya.

Na san likita ya gaya miki, amma ina so ki ji daga gare ni. Ya kira wayar Baba bayan ya ga hoton, ya ce a ba ni. Ƙarafan suna nan inda ya sa su. Daga sama ƙashi ya kama. Daga ƙasa, gaɓoɓi biyu na wurin ƙugu ba su kama yadda ya so ba. Ya ce ba zai buɗe yanzu ba, zan sa rigar roba mai tauri wadda ake ɗaurewa ta baya, a sake hoto bayan wata uku. Na tambaye shi da kaina ko maganin ne ya jawo. Ya ce ba zai rantse ba, amma bai taimaka ba. Na tambayi makaranta. Ya ce ba bana ba.

Don haka 'yan ajinmu za su rubuta jarrabawar fita ba ni. Da safe ina jin su suna wucewa ta bayan katanga. Fuskar ta saɓe, na koma gorar tuƙi, kuma ba wanda ya ƙara cewa tubarkalla.

Na isar da gaisuwarki ga Kaka. Ta ce tana amsawa, ba ta ƙara komai ba. Tun da muka dawo ba ta dafa mini ko ruwan zafi ba, Inna ta bar wa. Mukan gaisa da safe, shi ke nan. Baba ya sake yi mini maganar ba komai, har ya turo Inna. Na ce ina ganin girman Kaka, ban kuma daina sonta ba, amma ba zan ce ba komai ba alhali da komai.

Ranar Talata Larai maƙwabciyarmu ta shigo da 'yarta Rahama, wadda ta tashi daga zazzaɓin taifot ta rame. Ina ɗaki ina jin su. Bayan gaisuwa Larai ta ce, "Kande, abin nan da kika ba Zara'u da damina ta yi kumatu, wurin wa kika saya? Dubi ɗiyar nan, kunyar hita da ita nike."

Can Kaka ta ce, "Zara'u, taho."

Na fito. Ta ce, "Nuna musu." Ba umarni ta yi ba, muryarta ƙasa take, kuma ba ta dube ni ba.

Yaya, ban da ke da Inna da Kaka da ma'aikatan asibiti babu wanda ya taɓa ganin bayana, ko wanka a bakin ruwa ban taɓa yi da 'yan mata ba. Sai na dubi Rahama, wuyanta kamar na kaza, tana wasa da bakin hijabi. Na juya na kwance rigar robar, na ɗaga rigar ciki. Tabon sama siriri ne kamar zare. Na ƙasa, inda aka sake buɗewa, rami ne baƙi mai faɗin tafin hannun yaro.

Larai ta ce, "Subhanallahi. To, ai ƙaddara ce."

Na ce, "Na yarda da ƙaddara, Iya Larai. Amma hannu ne ya murƙushe ya zuba a kunu."

Ban san na iya faɗar haka ba, kuma a gaban Kaka. Inna ta tsayar da daka. Larai ta buɗe baki za ta yi mini faɗa, Kaka ta ɗaga mata hannu.

Ta ce, "Bar ta. Hannuna ne."

Larai ta ja 'yarta suka fita. Ban sani ba ko gida suka nufa ko kasuwa, don mai tallar yana nan inda yake da ledojinsa.

Rigar ba ta ɗauruwa sai da wani. Na juya zan kira Inna, sai na ji Kaka ta kama maɗaurin. Ba ta iya ba, ta fara ta ƙasa maimakon sama, na gaya mata, ta kwance ta sake. Ta riƙa ja tana tambaya ko ya yi, har na ce ya isa.

Har yanzu ban ce mata ba komai ba. Ita ma ba ta nema ba.

Taki,
Zahra'u Tanko